Ranar da Rumbu Ya Yi Magana a Bangi

Duk wanda ya daɗe a duniya yana da ranar da ta ƙi bin 'yan'uwanta su wuce. Tawa ita ce ranar da na shiga rumbun mutane a Bangi da ƙafafuna, aka fito da ni da igiya. Yanzu haƙora sun zube, ido ya yi rauni, nakan manta inda na ajiye carbi, amma wannan rana ko gobe zan mutu ba za ta fita raina ba. Jikokina sun sha jin labarin, sai dai akwai wuraren da nake tsallake musu. Ku kam zan ba ku shi da ƙashinsa.

Ina goyon 'yarmu ta fari aka ɗauki maigidana soja, lokacin babban yaƙin anasara. Kafin ya tafi, mutum ne mai barkwanci, wanda in ba ya nan gayya ba ta daɗi. Da aka gama yaƙi ya dawo ƙauyenmu, da takalma masu nauyi da bargo da 'yan kalmomin Faransanci da yake zagin jaki da su. Ba rauni ko ɗaya a jikinsa. Mutane suka yi ta zuwa barka, suna cewa Allah ya dawo mini da miji lafiya lau. Ni ma haka na zata.

Ba a daɗe ba na gane gangar jikin ce ta dawo, mutumin yana can wani wuri. Ya daina dariya. In mata suka haɗa taɓare uku suna daka, sai gumi ya karyo masa ya bar gidan. Ɗaki kuwa ya ƙi kwana a cikinsa sam, ko da sanyin hunturu sai dai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. In na tambaye shi me ya faru a can, sai ya ce, "Ba komi." Daga nan ya gano wasu gidaje a bayan kasuwar Bangi inda ake dafa giyar dawa. Da fari ranar kasuwa kaɗai yake zuwa, daga baya kowace rana ta zama masa ranar kasuwa. Jakinmu har ya haddace hanya, shi ke kawo shi gida kamar buhun gero.

Ban zauna ba. Na karɓo rubutu ya sha, na yi sadaka, na yi kuka, na yi yaji na kwana biyu na dawo da kaina don ba wanda ya zo biko. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta ce in riƙa jiƙa sassaƙen maɗaci ina zuba masa a fura, wai zai sa ransa ya ƙi giya. Na yi ta zubawa ina ɓoye ɗacin da tsamiya, kullum ina tarar da ƙwaryar an shanye tas, ina jin daɗi a raina. A kwanakin ne akuyata ta kama zawo, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ban yi wata-wata ba na ce maƙwabciyata ce ta yi mata baki, muka yi faɗan da har mai gari sai da ya ji.

Ana cikin haka sai wani abu ya canza. Maigida ya fara tashi da sassafe ranar kasuwa, ya yi wanka, ya tafi Bangi, ya dawo da yamma a kan ƙafafunsa, yana jaye da jakin maimakon jakin ya ɗauko shi. Sauran ranaku yakan zame wani lokaci, amma ba kamar da ba. Da na matsa, ya ce wurin wani tsohon sarjan yake zuwa, wanda ya yi yaƙin anasara na farko, inda tsofaffin sojoji ke taruwa a gindin gawo a bakin gari.

"Kuna yin mi?" na ce.

"Tufkar igiya."

Wa zai yarda da wannan? Tsofaffin sojoji, ranar kasuwa, a bakin gari, wai tufkar igiya. Na ce a raina sun dai sami inda za su sha a ɓoye, sun kuma koyi yadda ake tafiya a miƙe. A makon nan ne yayana ya zo da saƙon babanmu: damina ta kusa, gonar mijina ko sassabe ba a yi ba, in abin ya ƙi in ɗauko 'yata in dawo gida. Na ce ya ba ni kasuwa guda. Na ƙudurta zan je in gani da idona. In na tarar sha suke yi, auren ya ƙare ke nan.

Ranar kasuwa na bar yarinya wurin surukata, na ce zan kai kuka da daddawa. Na riga maigida fita, ko fura ban tsaya sha ba. Gawon ba shi da wuyar ganewa, bazara ce, shi kaɗai ke da ganye a wurin. Ba kowa tukuna, sai tabarmi a jingine da tarin kaba. Gefe guda ga rumbunan gidan sarjan, irin namu na Adar, manya masu tumbi, kowane da hular ciyawa a ka. Na kusa da gawon an bar tsani a jikinsa. Na hau, na ɗaga hular, na leƙa na ga babu hatsi sai ƙaiƙayi a ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, ga ɗakin sauraro. Na zura ƙafafu, na jawo hular ta rufe, na saki hannu.

Sai da na dira na tuna ni gajera ce. Na miƙa hannu, bakin rumbu yana can sama yana kallona. Wayon a ci, an kori kare daga gindin ɗinya. Na ce to, a bar maganar fita sai lokacinta ya yi.

Da idona ya saba da duhu sai na ga wani abu yana lilo kusa da kaina. Gora ce, an rataye ta da igiya daga wani tsinke a bakin rumbun, an toshe ta da totuwa. Na cire totuwar na shinshina. Wannan wari ko a kabari na san shi. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na kwance gorar na rungume ta, na zauna cikin ƙaiƙayi ina cewa yau ƙarya ta ƙare, ga shaida a hannuna.

Da hantsi suka fara zuwa. Ina jin sallamarsu da shimfiɗa tabarmi, wani yana tari, wani yana raba goro. Akwai wata 'yar tsaga a jikin rumbun, na manna ido. Ba su kai goma ba. Sarjan tsoho ne siriri mai hannu ɗaya, yana danne kaba da yatsun ƙafa yana tufka da hannun da ya rage. Ga maigidana can a gefe, kai a sunkuye. Kuma wallahi igiyar suke tufkawa. Na ce ba komi, ai ba a fara sha da safe, bari rana ta yi.

Rana kuwa ta yi, amma a kaina. Wanda bai taɓa zama cikin rumbu da bazara ba bai san zafi ba. Gumi ya jiƙe mini zane, ƙaiƙayi ya manne a jikina yana cizo, maƙogwarona ya bushe kamar tsohuwar fata. Ga gora a cinyata, sanyi ƙalau, tana ƙara in na motsa. Na kawar da kai. Na yi istigfari. Can sai wata zuciya ta ce, ke da wannan abu ya raba ki da mijinki, ba kya ɗanɗana ki ji mene ne a cikinsa? Na ce don ilimi kawai. Na kurɓa. Tsami, ɗaci-ɗaci, ba wani abin kirki. Na sake kurɓa don in tabbatar. Daga nan ban san yadda aka yi ba, ƙishirwa ta karɓi aikin daga hannun ilimi. Cikina kuma ba komi tun jiya.

A waje sarjan ya ce, "To, 'yan'uwa, yaya munka kwana tun waccan kasuwa?"

Suka fara ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya bi ta ƙofar gidan giya, ƙafarsa ta tsaya, ya tsaya tare da ita har ta gaji suka wuce. Aka yi dariya. Wani ya ce shi kam ya faɗi ranar Talata, bai san inda ya bar hularsa ba. Na jira in ji faɗa, sai na ji sarjan ya ce, "Ka faɗi Talata, ka taso ka zo yau. Miƙo mishi goro." Wani dogo mai babbar murya, mutumin wajen Tabotaki, ya bugi ƙirji ya ce shi ya gama da ita har abada, yanzu ko warinta ya ji sai amai. A nan na fahimci abin da ke tara su. Ranar kasuwa ita ce ranar da giya ke kiran sunan kowa, shi ya sa suke zama tare hannu na aiki har kasuwa ta watse, sannan su tafi gida bibbiyu, kada wani ya bi ta bayan kasuwa shi kaɗai.

Da layi ya zo kan maigidana, ba wanda ya hanzarta shi. Sannan ya fara, a hankali, da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce a ƙasar sanyi an sa su haƙa rami su shiga, shi da wani abokinsa ɗan wajen Keita, wanda suke raba bargo da shi. Wani abu ya faɗo daga sama, ƙasa ta rufta musu. Shi aka tono da rai. Abokin yana manne da shi a cikin duhu, yana jin numfashinsa a wuyansa har ya daina. Ya ce tun ranar in ya ga rufi a kansa sai ya ji ƙasa na cika masa baki, giya ce kaɗai ke ɗaga ta kaɗan.

Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, ko ya ce namiji ba ya kuka. Wani dai ya ce, "Ni ruwa ne. Jirgi ya nutse da mu." Sarjan ya ce, "Mun ji ka." Shi ke nan, kaba ta ci gaba da ƙara.

Ni kuwa ina cikin rumbu hawaye na bin ƙaiƙayin fuskata. Shekara da shekaru ina gorin mutumin nan a kan ƙin kwanan ɗaki, ina cewa ni ce ba ya so. Da a nan aka tsaya, da na fito mace mai hankali. Amma sarjan ya tambaye shi, "Mutanen gida fa?"

Sai na ji maigida ya ɗan yi dariya, dariyar da na yi shekaru ban ji ba. Ya ce, "Tana iyakar ƙoƙarinta. Maɗaci take zuba mini cikin hura, tana cewa ban sani ba. Ni ko don kada ranta ya ɓaci, sai in faki idonta in juye ma akuya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na buɗe baki da dukan ƙarfina na ce, "Ashe kai ne ka kusa kashe mini akuya!"

Ku san cewa rumbu marar hatsi ganga ne. Muryar da ta fita ba tawa ba ce, ta wani ƙaton abu ce daga ƙarƙashin ƙasa. Ta tsagar na ga sojojin anasara sun watse. Uku sun kwanta rub da ciki, hannuwa a ƙeya, kamar yadda aka koya musu. Ɗaya yana a'uziyya yana ja da baya da gindi. Dogon nan na Tabotaki ya fi kowa nisa, sai ƙurarsa. A lokacin dariya na yi ta yi har da riƙe ciki, abin da ke cikin gorar yana taya ni. Daga baya, da na san abin da ƙara ke yi wa mutanen nan, na ji kunya, na bi su ɗaya ɗaya na roƙi gafara. Sun yafe, amma har suka mutu suna kirana aljanar rumbu.

Mutum biyu ne ba su motsa ba, sarjan da maigidana. Sarjan ya dubi rumbun ya ce, "Mutum ko aljan?"

Maigida ya ajiye igiyarsa ya ce, "Baba, wagga murya na san ta. Daga gidana take."

Shi ya hau tsanin ya ɗaga hular. Haske ya faɗo mini, warin giya ya tashi ya same shi a fuska. Muka dubi juna. Ga ni zaune, gora a rungume, kaina duk yanar gizo. Ya ce, "Ke, mi kika sha?" Na ce, "Shaida ce." Da igiyar da suka tufka a ranar aka jawo ni, maza huɗu suna ja. Da ƙafata ta taɓa ƙasa sai na ga ƙasar tana tafiya. Na daure don in nuna tarbiyya, na je na durƙusa har ƙasa na ce, "Ina wuni, Baba." Sai na ji muryar sarjan daga bayana yana cewa, "Lahiya lau, ɗiyata, amma wancan gawo ne."

Aka zaunar da ni a gefen tabarma. Sarjan ya ɗaga gorar ya girgiza, ya ji saura kaɗan. Bai ɗaga murya ba ya ce, "Ta wa ce?"  Ni kuwa har lokacin ban tabbata ba ta mijina ba ce. Can sai dogon nan, da ya lallaɓo ya dawo, ya ce da ƙaramar murya, "Tawa ce, Baba. Nakan rataye ta tun asuba, in an tashi in dawo." Na zata za a yi masa ca. Wanda ya ɓatar da hularsa ne ya matsa ya ba shi wuri, ya ce, "Zamna. Yau ni da kai za mu tahi gida." Dogon ya zauna ya rufe fuska da hannu. Babu wanda ya tuna masa maganar amai.

Sarjan ya juyo kaina. Ya ce, "Doka guda gare mu a nan. Wanda ya sha, ba ya tashi sai ya yi magana. Yau ko duk taron ga ke kaɗai kika sha. Bisimilla."

Aka fashe da dariya, har da mijina. Ni ma na fara da dariya, ban san inda ta juye ta zama kuka ba. Na faɗi komi a gaban maza, ni da ko sunan mijina ban taɓa kamawa ba. Na faɗi yadda nake tsayawa a bakin darni ina jiran in ga ko jaki zai dawo shi kaɗai. Na faɗi yadda nake yi wa surukata ƙarya cewa zazzaɓi ne ya kwantar da ɗanta. Na faɗi saƙon babanmu, na ce yau na zo ne in yanke ko in zauna ko in tafi. Kada wani ya ce giya ta yi rana da ta kwance mini harshe. Maganar ta daɗe a bakina, wurin ajiye ta ne ban samu ba. Da na gama, sarjan ya ce mini abin da ya ce wa kowa: "Mun ji ki." Maigida ya miƙo hannu ya tsinke mini yanar gizo daga kallabi.

Matar sarjan, wata dattijuwa mai faɗin fuska, ta fito ta ja ni cikin gida, ta ɗura mini kunun tsamiya, ta watsa mini ruwa a ka. Ta ce, "Ba ke kika fara ba. Duk matansu sun zo leƙe, amma su bayan darni suke laɓewa kamar masu hankali. Rumbu kam ke kika buɗe shi." Sannan ta ce, "Kasuwa mai zuwa ki taho da mazarinki. Zan aika ma sauran. Mu ma muna da abin faɗi."

Da yamma aka ɗora ni a kan jaki, maigida yana riƙe da ni kada in sulluɓe. Da muka shiga ƙauye surukata ta tare mu tana tambayar lafiya. Ɗanta ya dube ta ido cikin ido ya ce, "Zazzaɓi ne, Inna." Na cusa fuska a wuyan jaki don kada dariya ta tona mu. Washegari kaina kamar ana sara da gatari. Da na iya tsayawa na dama fura mai kyau, marar maɗaci, na kai wa maƙwabciyata na ba ta haƙuri. Ta tambayi wanda ya kama akuyar, na ce ciwon cikin gida ne. Da yayana ya dawo na ce ya gaishe da babanmu, ya ce masa ina nan.

Ba zan ce muku daga ranar komi ya gyaru ba. Tsawar farko ta damina ta mayar da shi bayan kasuwa, ya yi kwanaki ba a hayyacinsa ba. Amma wannan karon ban ɓoye ba. Na aika wa sarjan, sai ga su da hauyoyi da fartanyu, suka shiga gonarmu, dogon nan na Tabotaki kuma ya zauna kusa da shi bai bar shi shi kaɗai ba har ya dawo daidai. Wata shekarar dogon ne ya faɗi, mijina ya je ya zauna da shi. Haka aka yi ta yi, faɗuwar tana nisa da juna, har wata rana muka lura an yi damina biyu ba a aika wa kowa ba. Mu kuma mata ranar kasuwa muna cikin gidan sarjan muna kaɗi, muna faɗin abin da ba a faɗa a bakin rijiya, muna dariyar da in wani ya ji zai ce ba mu da damuwa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba a yi wa mutum magani a bayan idonsa. Na zuba masa ɗaci a ɓoye, ya zubar a ɓoye, kowa yana ganin yana kyautata wa ɗan'uwansa, ciwon kuma yana nan yana cin mu duka. Wanda abu ya kama, giya ce ko tsoro ko baƙin ciki, ba gori yake bukata ba, don ya riga ya yi wa kansa gori fiye da yadda za ka iya. Yana bukatar inda zai ce na faɗi, a matsa a ba shi wuri. Kuma na gane da bakina cewa tsakanin mai zagi da wanda ake zagi, wani lokaci ƙishirwar yini guda ce kawai. Shi ya sa har yau in aka zo aka ce mini wane ya lalace, ba na tambayar me yake sha. Nakan ce, wa ke zama da shi?